CACA A PARAKU DA JUGU: WA KE CI, WA AKE CI?



Ɗan'uwa mai karatu, kafin ka naɗe wannan takarda ka sa aljihu, ko ka miƙa wa mai ƙosai ta ƙunsa maka na dala ashirin da ita, ba ni aron minti goma. Ke ma 'yar'uwa da ake karanta wa a tsakar gida, ajiye taɓarya ki saurara. Yau ba zancen hanya ko wutar lantarki na kawo ba, 'yan takararmu sun yi wannan a filin taro. Zancen da na kawo kowa ya san shi, amma ana jin nauyin faɗarsa a gaban mutane. Zancen caca ne.

Ni ba malami ba ne, ba kuma ɗan takara ba. Aikina a jam'iyya fassara: a ba ni takarda da Faransanci in juya ta Hausa don mutanenmu su ji. Wannan aikin ne ya saba mini da karanta ƙananan rubutun da ke can ƙasan takarda, irin wanda mai shi bai so a karanta ba.

Bara, ƙanen matata ya buga mini ƙofa bayan sallar isha'i. Ɗan zemijan ne a nan Paraku, babur ɗin na wani ne, yana biya mako-mako da alkawarin in ya cika ya zama nasa. Saura masa wata huɗu. Ya yi mako uku bai kai kuɗi ba, mai babur ya karɓe abinsa. Na ce masa rashin lafiya ka yi? Ya yi shiru. Can ya zaro leda baƙa daga cikin riga, cike da takardun cacar ƙwallo. Muka zauna a tabarma muna ƙirgawa. A cikinsu duka, biyu kaɗai suka taɓa ci. Ya ɗauko wata ya nuna mini, idonsa ya cika da hawaye, ya ce: "Yaya, duba nan, wasa goma na sa, tara sun shiga. Saura ɗaya kawai."

Wannan "saura ɗaya" ita ce ta ci babur. Kuma na tabbata kai ma ka san gidan da ta ci wa keken ɗinki, ko kuɗin lakwal, ko jarin tireda, ko aure.

GIDAN CACARMU BA SHI DA ƘOFA

In an ce kazino, hankalinka zai tafi Kwatano, manyan otal na bakin teku, inda baƙi da masu hannu da shuni ke shiga da kwat. Wancan yana da mai gadi, talaka ba ya ko leƙawa. Namu na arewa ya fi shi haɗari, don shi ke zuwa wurinka. Shi ne kiyos ɗin loto da ke bakin kasuwa. Shi ne takardar PMU, inda dattijo ke zaune da biro yana lissafin dawakin da za su yi sukuwa a Faransa, dawakin da bai taɓa gani ba. Shi ne shagon da aka sa wa talabijin da benci, samari na kallon ƙwallon Ingila da Sifen ba don sha'awar wasa ba, sai don takardar da ke hannunsu. Shi ne injin da ake jefa wa tsabar sefa ɗari a lungu. Mafi muni kuma shi ne wayar da ke aljihunka. Da kuɗin waya, ko MoMo ko Moov Money ko Celtiis, yaro na kwance a ɗakin uwarsa ƙarfe biyu na dare yana zuba kuɗi, babu wanda ya gan shi.

Zaga ka gani da idonka, daga Zongo zuwa Banikanni, daga Gema zuwa Albarika. Ka je Jugu ka tsaya a tasha. Ƙirga wuraren caca, sannan ka ƙirga wuraren da yaro zai koyi sana'a. Ba sai na gaya maka wanda ya fi yawa ba.

Ka tuna ko su wane ne mu. Kakanninmu fatake ne. Hanyar goro da ta taso daga Kano ta bi ta Nikki ta sauka Jugu kafin ta wuce Salaga a ƙasar Gwanja, ita ta kafa zangunanmu. Mutum ya yi wata da watanni a ƙafa bayan jaki, ya kai kanwa da tufafi, ya dawo da goro. Har yau babbar kasuwar Paraku sunanta Arzeke, wato arziki. Arzikin da suka sani shi ne a saya, a sayar, a yi haƙuri. Yau ana koya wa jikokinsu cewa arziki lamba ce da za a gani a mafarki.

ZO MU YI LISSAFI

Ba na so ka yarda da ni don na faɗa. Ɗauki biro.

A loto na 5/90, lambobi 90 ne, ana fitar da 5. In ka zaɓi lamba biyu kana so dukansu su fito, damarka ɗaya ce cikin 400. Wato da za a yi adalci tsakani da Allah, wanda ya ci sai a ninka masa kuɗinsa sau 400. A Najeriya da Gana, inda ake irin wannan wasa, ninki 240 ake biya. Kai ma juya takardarka ka duba, za ka ga bai kai kusa da 400 ba. Ma'anar ninki 240 ita ce: duk jaka 10 da jama'a suka zuba, jaka 6 ke komowa hannun waɗanda suka ci, jaka 4 ta zauna wurin mai gida. Ba yau kaɗai ba, kullum. In kuwa lamba biyar ɗin duka kake hari, damarka ɗaya ce cikin 43,949,268. Adadin nan ya ninka yawan mutanen ƙasar Benin kusan sau uku.

Koma kan takardar ƙanen matata. Mu ɗauka kowane wasa rabi da rabi ne, ko ya shiga ko bai shiga ba. In ka haɗa wasa goma a takarda ɗaya, damar su shiga duka ɗaya ce cikin 1,024. Amma damar tara su shiga ɗaya ya ƙi ta ninka wannan sau goma. Ka ga ashe "saura ɗaya" ba rashin sa'a ba ne, ba kuma sammu ba ne. Haka aka ƙera abin, don ka riƙa jin ƙamshin nama kana komawa.

Har faifan da ake juyawa a kazino na masu kuɗi haka yake. Gurbi 37 ne, amma wanda ya ci ribar ninki 35 ake ba shi. Ɗan bambancin nan shi ke gina otal.

Yanzu duba aljihunka. Wanda ke sa sefa 500 kullum, a shekara ya sa 182,500. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2023 sefa 52,000 ne. Ke nan ya zuba albashin wata uku da rabi. Ko da an mayar masa da kashi 60 cikin 100, ya yi asarar 73,000. Wannan kuɗin keken ɗinki ne, ko tunkiya, ko jarin mai sayar da doya. Caca ba ta noma ko zangarniya ɗaya, ba ta saƙa ko taku ɗaya. Kuɗi kawai take kwashewa daga aljihu dubu ta zuba a aljihu ɗaya, mai gida ya yanki nasa a tsakiya.

INA KUƊIN KE TAFIYA?

Nan ne zancen ya zama na siyasa, shi ya sa ka gan shi a takardar jam'iyya.

Babban mai gidan caca a Benin ba wani baƙo ba ne, gwamnati ce. Kamfanin loto na ƙasa, LNB, an kafa shi tun 1967, kuma gwamnatoci da dama sun zo sun same shi sun bar shi. Ba mu ce masu mulkin yau ne suka ƙirƙiro shi ba. Amma su suka yi abin da ba a taɓa yi ba. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta fitar da hannun jarin LNB kasuwa, har miliyan 9, kowane ɗaya sefa 4,800, kuɗin da ya haura miliyar 40. A watan Disamba na shekarar aka shigar da kamfanin kasuwar hannun jari ta yankinmu, BRVM, da ke Abijan. Gwamnati ta riƙe fiye da rabi, sauran ya tafi hannun masu saye.

An yi ta tafi, an ce ci gaba ne. To, ɗan'uwa, tambayi kanka: wanda ya sayi hannun jari, me yake jira? Riba. Kuma yana so ta bana ta fi ta bara. Kamfanin siminti in yana so ribarsa ta ƙaru sai ya ƙara yin siminti, gidaje su ƙaru. Kamfanin caca fa? Hanya biyu ce kawai gare shi: ko masu caca su ƙaru, ko waɗanda ke yi su ƙara asara. Babu ta uku. Ashe duk lokacin da ka ji an ce harkar caca tana da makoma mai kyau, fassararta da Hausa ita ce: ana sa ran ɗanka zai fara, kai kuma za ka ƙara.

Wa ya sayi hannun jarin? Mai rarar kuɗi a banki. Wa ke zuba kuɗin da za a raba musu? Ɗan zemijan, da ɗan dako a Arzeke, da yaron mota a tashar Jugu, da ɗalibin jami'ar Paraku da aka aiko wa kuɗin haya daga ƙauye. Kuɗi na tashi daga Borgu da Donga su gangara kudu, wasu su wuce Abijan. Na cacar intanet kuma, wani kaso ma ƙetare teku yake yi zuwa wurin kamfanonin waje. Wannan haraji ne da ba a kira shi haraji ba, kuma talaka ya fi kowa biyansa.

Sannan duba wannan. Gwamnati ce mai babban kaso a kamfanin. Ita ke karɓar haraji a kan caca. Ita ke ba da izinin buɗewa. Ita kuma aka ce ta sa ido kar a cuci jama'a. Tun kaka da kakanni ba a ba kura ajiyar nama. Ba sai mutum ya zama mugu ba. Duk wanda ke cin riba a abu, hannunsa zai yi nauyi wurin rage shi.

SAI BANGO YA TSAGE

Wasu za su ce laifin samari ne, kwaɗayi ne da son banza. Akwai gaskiya a ciki, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dubi abin da ya sami arewa a 'yan shekarun nan.

Paraku garin hanya ne. Nan layin dogo daga Kwatano ya tsaya, nan manyan motoci ke bi su nufi Malanbil su shiga Nijar. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakarta. A Mayun 2023 ta cire tallafin man fetur, kpayo ya yi tsada, ɗan zemijan ya ji a jikinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka rufe gadar Malanbil, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe ɓangarenta ba. Direba ya zauna, yaron mota ya zauna, bakanike ya zauna, mai abincin bakin tasha ta rage tukunya. Manomin waken soya da na kashu kuma aka taƙaita masa inda zai kai amfaninsa. Manyan masana'antun da ake ta nunawa a talabijin suna Glo-Djigbé, can kudu.

Saurayin da ya gama lise ko jami'a, ya yi shekara uku yana yawo da takardu, sai ga allo a bakin titi yana ce masa da sefa 200 zai zama miloniya. Me kake tsammani? Mai caca ya san inda yunwa take, can yake kafa rumfa. Mun taɓa ganin irin wannan. A 2010 da ICC Services ta rushe, dubban gidaje sun yi asarar abin da ya haura miliyar 100, saboda an yi musu alkawarin kuɗi zai haihu ba tare da aiki ba, hukuma kuma ta yi jinkirin tsawatawa. Ba a ƙarƙashin masu mulkin yau abin ya faru ba, ba mu ɓoye wannan. Darasin na kowa ne: in hukuma ta kau da kai, talaka ke kwana da ciwo.

IN AN CE ZA A GINA MANA KAZINO

Paraku ita ce babban birnin arewa. Jugu mararraba ce, hanyoyinta na zuwa Natitingu, da Paraku, da Basila, da Kara ta ƙasar Togo. Duk mai neman sabuwar kasuwar caca zai dube su. Wata rana wani zai zo da zane mai kyau ya ce a ba shi fili ya gina otal da gidan caca, baƙi za su zo daga Najeriya da Togo da Burkina, samari za su sami aiki. Gara mu san amsarmu tun bai zo ba.

A Amurka akwai wani gari a bakin teku, Atlantic City. Kasuwarsa ta mutu, sai aka halatta masa caca a 1976 don a farfaɗo da shi, gidan farko ya buɗe a 1978. Shekaru ana cin kasuwa, don babu kishiya a kusa. Da jihohin maƙwabta suka buɗe nasu, baƙi suka daina zuwa. A shekarar 2014 kaɗai gidajen caca 4 cikin 12 suka rufe, mutum wajen 8,000 suka rasa aiki. Ɗaya daga cikinsu, Revel, an kashe dala biliyan 2.4 wurin gina shi, ya buɗe a 2012, shekara biyu ya rufe. Unguwannin talakawan garin kuwa suna nan yadda suke. In garin da ke kusa da New York bai tsira ba, wane baƙo ne zai riƙe kazino a Jugu? In baƙo bai zo ba, ɗan gari za a ci.

Su kansu masu abin sun sani. A Monako, inda gidan cacar Monte Carlo yake, doka ta hana 'yan ƙasar yin caca a cikinsa, baƙi kaɗai ake bari. A Singafo, da suka buɗe nasu a 2010, sun sa wa ɗan ƙasa kuɗin shiga dalarsu 100 kowace rana don ya ji nauyi ya fasa, a 2019 suka mai da shi 150, baƙo kuwa kyauta yake shiga. Ka ji masu wayo: sun san wuta ce, sun nisanta 'ya'yansu da ita. Mu kuma ake kawo mana ita har cikin ɗaki.

ABIN DA ZA SU CE MAKA

Za su ce kuɗin loto na shiga baitulmali, ana yi wa ƙasa aiki da shi. To, a buga mana lissafi: nawa aka karɓa a Borgu, nawa a Donga, nawa ya dawo? Mai gaskiya ba ya tsoron awo.

Za su ce akwai masu cin abinci a kiyos, mata da samari. Gaskiya ne, kuma ba abokan gabarmu ba ne, 'yan'uwanmu ne da suka rasa wani aikin. Amma albashin mai kiyos ɗaya daga asarar mutum nawa ake fitar da shi?

Za su ce in an hana, abin zai koma ɓoye. Wannan ma akwai gaskiya. Ga musulmi hukuncin a fili yake, Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 ta haɗa caca da giya wuri ɗaya ta hana, kuma ban san fada ko fasto da ke sa wa caca albarka ba. A Kano, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Oktoba 2024. Amma Benin ba Kano ba ce. Tsarin mulkinmu na 11 ga Disamba 1990 ya ce ƙasa ba ta bin addini ɗaya, kuma muna zaune da Bariba da Dendi da Yom da Lokpa da Fulani da Nago, kowa da abin da yake bi. Ko a Kano ma, rufe shago bai rufe waya ba. Don haka wa'azi aikin malamai ne da iyaye, doka kuma aikin majalisa ce. Kowa ya ɗauki nasa.

Wasu ƙasashe sun yi. Italiya ta hana tallar caca a 2018. Ingila, a Afrilun 2019, ta rage abin da za a iya sawa lokaci guda a injin shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2, a 2020 kuma ta hana caca da katin bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kusa da jarabar ƙwaya. Su da suka ƙirƙiro abin suna ɗaure shi. Mu dokar da ta kafa tsarin caca a nan, mai lamba 2002-28, an sa mata hannu tun Maris 2004, lokacin da wayar hannu kira kawai take yi. An yi shinge don akuya, yanzu tsuntsu ke cin gonar.

ABIN DA ZA MU KAI MAJALISA

In kun tura 'yan takararmu Porto-Novo, ga abin da za su tsaya a kai. Ajiye wannan takarda, ka tuhume mu da ita.

Na ɗaya: sabuwar dokar caca da ta san da waya da intanet, a tattauna ta a fili, a fassara ta cikin harsunanmu.

Na biyu: hukumar sa ido mai zaman kanta, wadda ba ta ƙarƙashin masu karɓar ribar, tana kai rahoto gaban majalisa kowace shekara.

Na uku: a kare yara da gaske. Tun rajistar RAVIP ta 2017 gwamnati ta ɗauki hotonmu da yatsunmu, kowa na da lambarsa ta NPI. In ana neman lambar nan kafin a yi maka takarda, a neme ta kafin a karɓi kuɗin caca, a kiyos ko a waya. Wanda bai kai shekara 18 ba, a ƙi. Wanda ya karɓi kuɗin yaro, a ƙwace izininsa.

Na huɗu: a sa iyakar abin da mutum zai iya zubawa ta waya a rana da kuma a wata, a hana cacar bashi, kuma duk wanda ya ce a toshe lambarsa don ya daina, a toshe ta ko'ina.

Na biyar: babu wurin caca kusa da lakwal, ko makarantar allo, ko masallaci, ko coci. Magajin gari da majalisarsa su sami ikon ƙin ba da wuri, kuma kar a ba da izinin kazino a Borgu ko Donga sai an ji ta bakin mutanen garin, da sarakuna, da shugabannin addini, da ƙungiyoyin mata.

Na shida: a hana tallar caca a rediyo da talabijin lokacin da yara ke ji, a sauke allunan bakin makarantu. A rubuta damar ci a kan kowace takarda da manyan lambobi, a kuma faɗe ta a rediyo da Hausa da Dendi da Bariba da sauran harsuna, ba Faransanci kaɗai ba.

Na bakwai: a buga lissafin kowace jiha duk shekara, a ware kaso na kuɗin ya dawo inda aka karɓe shi, don a buɗe sashen kula da masu jarabar caca a asibitocin Paraku da Jugu, a kuma koya wa samari sana'a, har da masu zaman kiyos da ke son canja aiki.

Babu ɗaya cikin bakwai ɗin nan da ya fi ƙarfin ƙasa. Abin da ya rage shi ne a sami wakilan da ba sa jin tsoron taɓa asusun da gwamnati ke ci.

KAFIN RANAR ZAƁE

Kai uba, duba wayar ɗanka, ba da duka ba, da zama da magana. Ke uwa, in kuɗin cefane ya fara ɓacewa, kar ki rufe don kunya, kunya ce ke ciyar da wannan ciwo. Liman, a taɓa zancen a huɗuba. Kai kuma saurayi, ba zaginka na zo yi ba. Na san ba lalaci ne ya kai ka ba. Amma tara takardunka na wata ɗaya, ka haɗa abin da ka sa da abin da ka ci, ka yi wa kanka hukunci. Ƙanen matata yanzu yana dako a Arzeke, yana zubin adashi don ya sake samun babur. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai ba babur ɗin ba ne, shi ne babu wanda ya taɓa yi masa lissafin nan tun farko. To, kai ga shi an yi maka.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarka neman ƙuri'a, namu ko nasu, yi masa tambaya ɗaya: me za ka yi a kan caca? In ya yi dariya ya miƙo maka jaka biyu da riga, ka san shi ma caca yake yi, kuma kai ne abin da ya sa. Ƙuri'arka ba takardar loto ba ce. Ba sa'a ke fitar da ita ba, hannunka ne.

Duba sunanka a rajista tun yanzu, ka san rumfarka, ka fita da sassafe, ka tafi da maƙwabcinka. In ka gama karanta wannan, karanta wa wanda bai iya ba, sannan ka miƙa ta gaba.

Allah ya tsare mana zuriya, ya ba mu arziki na halal, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.